Hular Kwanon Aro a Hanyar Nasarawa

Mun tashi daga Tudun Ƙofa, cikin Keffi, ana idar da sallar asuba, ni da yayana, a kan babur ɗina. Surukata ce ta kira daga Nasarawa, inda maiɗakina ta je goyon cikin fari, ta ce naƙuda ta tashi, sun wuce asibiti. Daga nan wayarta ta daina shiga.

Hular kwanona ta tsage tun tuni, sai na ƙwanƙwasa wa maƙwabcina na ari tasa. Irin ta masu tseren daji ce, mai dogon baki a gaba kamar hana-salla, don tare rana. A cikin gari lafiya lau. Muna fita Keffi na murɗa mai, sai iska ta shiga ƙarƙashin bakin nan tana ɗaga mini kai, igiyar hular tana shaƙe ni. Duk tifar yashin da ta wuce, sai na ji kamar an fizge ni ta baya.

Na tsaya, na sassauta notocin robar da ke riƙe da bakin da makullin babur, na sunkuyar da shi ƙasa, na ɗaure. Iska ta ragu, amma hanya ta ɓace. Sai na ɗaga haɓa kafin in hango gabana. A haka muka afka wani rami, yayana ya yi sama ya dawo, fulas ɗin kunun da ya rungumo ya kusa tafiya.

"Kai, sauke ni!" in ji shi. "Barka za mu je, ko mu za a zo dubawa?"

A Laminga muka samu wani dattijo mai faci yana buɗe rumfa. Gefensa mata na jera doya da mangwaro, mai ƙosai ta ɗora kasko. Ƙamshi har cikin hula, amma ko yunwa ban ji ba. Ina ta danna waya, ina kai da komo. Dattijon da na miƙa wa hular ya cire mini bakin ya kwance notocin gefe, na tsakiya ya cije. Na ce ya karya kawai.

"Malam, ba ka ce aro ba ne? Zauna."

Ban zauna ba. Ya ɗiga baƙin mai, ya bi shi a hankali har ya fita, ya ƙulle mini notocin a leda. Hular ta koma sumul, wuyana ya huta, muka miƙe.

A ƙofar asibiti muka tarar da surukata tana alwala. Na durƙusa zan gaishe ta.

"Tashi, ɗana. Mace ce, duk suna lafiya. Cajin waya ne ya ƙare."

Da muka lissafa, lokacin da nake matsa wa dattijon nan aka haife ta. Na yi mata huɗuba, yayana kuma ya shanye rabin kunun da ya kawo wa mai jego.

Da la'asar muka juyo. A duk kwanar da ta fuskanci yamma rana na dukan idona, ga abin tare ta ɗaure a bayan babur. Na rage gudu, na ƙanƙance ido har Keffi. A tsakar gida na mayar da bakin hular kafin in kai wa mai ita.

Abin da na koya: kayan da ba ka saba da su ba, kada ka fara gwada su ranar da hankalinka ba ya jikinka. Gobe zan sayi tawa, don yanzu akwai mai jiran in dawo.