Ko-ka-san da Tozon Raƙumi

Duk layin shagunan babu wanda ke kiran mai askin nan da sunan da ubansa ya raɗa masa. Ko-ka-san ake ce masa, yara da manya, har da matarsa in ya ƙure ta. Shi ya jawo wa kansa, don ba ya iya buɗe baki bai fara da waɗannan kalmomi ba. Ka shigo shagonsa ku gaisa, ya karkaɗe maka kujera, ya ɗaura maka ƙyalle a wuya, sai ka ga ya kalle ka ta madubi ya ɗan karkata kai. To, ka shirya.

"Ko ka san kada ba ya iya zaro harshensa waje?"

Kai da ka zo a rage maka suma, ina ruwanka da harshen kada? Amma za ka koma gida kana juya maganar a rai, wataƙila ma ka tsinci kanka kana gaya wa iyalinka, kamar kai ka buɗe bakin kadan ka duba.

Abin ya samo asali tun yana yaro. Mahaifiyarsa tana da ɗan kanti, tana ƙunshe wa mutane kaya a tsofaffin jaridu, shi kuma aikinsa yayyaga takardun. Ba ya yaga ko ɗaya sai ya karanta, musamman ɗan gurbin nan na ƙasan shafi inda ake sa abubuwan al'ajabi. Ya sha bin mai sayayya har bakin titi yana roƙon a ara masa ƙunshin sabulu ya ƙarasa layi biyu. Da uwar ta gaji, sai ta kai shi wurin wani tsohon mai aski ya koyi sana'a, ko hannunsa ya sami abin yi bakinsa ya huta.

Bakin bai huta ba. Sai dai tsohon ya lura da wani abu: duk wanda yaron ya fara ba labari, tsit yake yi a kujera, ko ƙifta ido ba ya son yi. Ran nan ya ja shi gefe ya ce, "Tunda ba za ka yi shiru ba, ka riƙa ajiye surutun sai reza ta kai maƙogwaro." Daga nan Ko-ka-san ya sami salon aikinsa. In reza ta zo wuya ko bayan kunne, sai ya ɗauko labari, ya riƙe ƙarshensa, ba zai saki ba sai ya ɗage hannu. Ya tsufa yana wannan sana'a bai taɓa yankar kowa ba. Yaran da ke tsala ihu in sun ji ƙarar kilifa, wurinsa ake kawo su, ya ce musu giwa duk girmanta ba ta iya tsalle, kafin su gama buɗe baki an gama askin.

Abu ɗaya yake taƙama da shi, ya fi taƙamar rezar ma: bai taɓa faɗar abin da bai tabbatar ba. In ya ji labari a rediyo ko ya gani a waya, sai ya ajiye shi a ransa har wanda ya san fannin ya shigo aski. Ya taɓa barin wani likitan dabbobi da rabin kai a aske, ya tsaya riƙe da kilifa a kashe, har sai da mutumin ya tabbatar masa cewa lallai kyanwa ba ta jin ɗanɗanon zaƙi.

Matarsa ta fi kowa shan wannan hali. Ranar da ya fara zuwa wurinta zance, ta ci kwalliya, ta zizara kwalli, ta zauna tana jiran kalma mai daɗi. Ya kalli idanun nan ya daɗe, sannan ya ce mata idon jimina ya fi ƙwaƙwalwarta girma. Ta aure shi duk da haka, kuma ta ce har yau ba ta gane ko yabo ne ko zagi ba. Da aka haifi ɗansu na fari aka miƙo masa yana tsanyara kuka, don murna abin da ya iya cewa shi ne sabon jariri kuka yake ba hawaye. Surukarsa ta karɓe jaririn ta ce, "Kawo shi nan, kafin ka ƙirga masa ƙasusuwa."

Amma duk wannan rabin labarin ne, don ba a maganar Ko-ka-san a bar maƙwabcinsa Tela. Bangon katako ne tsakanin shagunansu, bai kuma kai silin ba, don haka duk abin da aka faɗa a nan ana ji a can. Tela ɗan siririn mutum ne mai tabarau a kan hanci, tef ɗin awo rataye a wuya, ga gardama kamar ya ci da ita. Da zarar mai aski ya saki ƙarshen labari, sai ka ji keken ɗinki ya tsaya cak, murya ta tsallako ta saman bango.

"In ji wa?"

"In ji masana, maƙwabci."

"Masanan sun shiga bakin kyanwar ne? Ka ji mini mutum!"

Sai keke ya ci gaba da ƙara. Masu jiran layi sun saba, har sukan ɗaga kai su kalli saman bangon tun kafin muryar ta zo. Shi kansa Ko-ka-san yakan bar ɗan fili bayan kowane labari, kamar yadda ake matsa wa mutum a benci.

Wata rana ya ce mutum ya fi tsawo da safe a kan yamma. Wannan ya taɓo sana'ar Tela, sai ga shi ya zagayo da kansa, alli a hannu. Ya jingina mai aski da ƙyauren ƙofa ya ja layi, da yamma ya dawo ya sake ja. Layin yamma ya sauka ƙasa kusan faɗin yatsa. Tela ya gyara tabarau, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya ce, "Ƙofar taka ce ba ta da gaskiya." Layukan biyu suna nan har yau, Ko-ka-san ya hana a goge.

Babbar rigimarsu kuwa ta tozon raƙumi ce. Mai aski ya ce kitse ne a ciki. Tela ya ce ruwa ne, haka kowa ya sani tun kaka da kakanni, in ba haka ba me dabbar ke sha a tafiya? An kawo littafi, ya ce bugun ya tsufa. An nuna masa a waya, ya ce waya ba abin da ba ta faɗa. Likitan dabbobin nan ya yi bayani tiryan-tiryan, ya ce ai abokin cinikin mai aski ne, dole ya goya masa baya. 'Ya'yansu suka girma suka yi aure, gashin kansu su biyun ya yi fari, tozon nan yana nan yadda yake. In kasuwa ta yi sanyi suna shan shayi a bakin ƙofa, ɗaya zai ce "ruwa", ɗayan ya ce "kitse", shi ke nan an sami abin yi har la'asar.

Wata safiya Ko-ka-san ya gaya wa wani direba cewa malam-buɗe-littafi da ƙafafunsa yake ɗanɗana abinci. Ya bar filin nan. Ba a ce komai ba, keken ma ba ya ƙara. Ya zagaya, ya tarar da Tela a karkace kan kujera, bakinsa ya koma gefe ɗaya, tef ɗin ya zube ƙasa.

Shanyewar ɓarin jiki ce. Ya yi kwanaki a asibiti aka dawo da shi gidan 'yarsa, rai ya tsira amma magana ta tafi. Likita ya ce a yi ta yi masa hira, ana jan shi, wataƙila ta dawo, wataƙila kuma shi ke nan.

Shago ya yi wa Ko-ka-san faɗi. Yana ba da labaransa kamar kullum, mutane su ce "Allah mai iko", su biya su tafi. A da yana ganin ba abin da yake so irin a yarda da shi. Yanzu kowa ya yarda, sai ya ji labaran sun zama lami a bakinsa. Har lokacin yana barin filin nan bayan kowane labari, yana sane ba mai cikewa. Kewar mutumin nan ta kama shi sosai, irin wadda bai taɓa zaton zai yi wa mai ƙaryata shi ba. Matarsa ta lura ya rage cin abinci, ta ce, "Baban yara, ka tafi ka gan shi mana. Gemunsa ma ai yana son hannu."

Ya mayar da shi al'ada. Duk mako yakan rufe shago da hantsi, ya sa reza da burushi da tawul a 'yar jaka, ya tafi. Ɗakin ƙarami ne, gado a jikin taga, kwalaben magani a kan tebur, keken ɗinkin a lungu an lulluɓe shi da zanen gado. Sai ya tallafo abokinsa ya jingina shi da filo, ya shafa kumfa, in reza ta kai maƙogwaro ya ɗauko labari. Ya ba shi na raƙumin dawa, wanda ƙasusuwan wuyansa bakwai ne kamar na mutum. Ya ba shi na dodon koɗi mai dubban haƙora. Ya zaɓo waɗanda a da za su sa Tela ya tsallako bango. Tela dai sai kallon silin.

Makonni suka shuɗe a haka. Wata rana 'yar ta tare shi a bakin ƙofa, ta rage murya. "Baba, mun saki shagon. Ina ganin maganar nan ba za ta dawo ba. Ko ni ba ya ƙoƙarin amsa mini yanzu, kamar ya haƙura."

Ko-ka-san ya shiga ɗakin. Yana kaɗa kumfa yana kallon fuskar nan da ta rame, sai tausayi ya cika shi. Ya yi tunanin me zai ba mutumin nan wanda zai faranta masa rai, ya duba duk abin da ya mallaka, ya ga abu ɗaya ne kawai Tela ya taɓa nema a wurinsa. Ya aske kunci ɗaya, ya ɗaga masa haɓa, reza ta sauka a maƙogwaro. Mutumin da bai taɓa faɗar abin da bai tabbatar ba ya gyara murya.

"Maƙwabci, ko ka san na sake bincike a kan tozon nan? Kai ne da gaskiya. Ruwa ne a ciki."

Ya zaci zai ga murmushi, ko da na rabin baki ne. Abin da ya gani daban. Idanun Tela suka sauko daga silin suka tsaya a kansa, jajur, cike da fushi. Kallon yana cewa: ni za ka lallaɓa kamar yaro? Har na zama abin tausayin da za a bar wa gardama? Maƙogwaron ya motsa a ƙarƙashin reza, Ko-ka-san bai ɗage hannu da wuri ba, ɗan jini ya ɓullo cikin kumfa. Yankansa na farko ke nan a duniya.

Bai ko lura ba, don bakin Tela yana ta kokawa. Leɓe ya karkace, harshe ya yi nauyi, wata ƙara ta fito wadda ba kalma ba ce. Ya sake yunƙurawa, hannun mai lafiya ya damƙe zanen gado.

"Ki… kitse."

'Yar da ke tsaye a bakin ƙofa ta saki kofin da ke hannunta. Ko-ka-san ya tsaya da reza a sama, baki buɗe. Ashe ɗan banzan tsohon nan ya sani! Tun yaushe? Tun littafin, ko tun likitan dabbobi? Shekara da shekaru yana sane, yana cewa ruwa don kawai a sami abin ja a bakin ƙofa.

Hawaye suka zubo masa, bai goge ba. Labarai sun fi dubu a kansa, amma ya rasa wanda ya dace da wannan wuri. Sai ya ninke rezar, ya danna tawul a kan yankan, ya matso da kujera kusa da gadon, ya ɗaure fuska iya ƙarfinsa.

"In ji wa?" ya ce.