Neman Ma'anar "Hafis" Daga Fatakwal Zuwa Inugu

Fatakwal

Ana idar da sallar asuba na hau okada zuwa tasha, ko shayi ban sha ba. Ni mahauci ne a Trans-Amadi, amma nama ya gagare ni ci: dasashina a kumbure, kullum jini, haƙora biyu suna girgiɗi. Wani likita ya duba ya ce wataƙila da hannun "hafis" a ciki. Matata Hadiza ta buga kalmar a waya, ta ga an rubuta ciwon sanyi. Tun ranar hira ta mutu a gidana, sai ta ajiye abinci ta juya. Wallahi shirun nan ya fi haƙoran damuna, don ban taɓa bin matan banza ba. Shi ya sa na kama hanya neman ma'anar kalmar.

Anacha

Motar ta tsaya a shinge ya fi a ƙirga. Wani ɗan sanda ya ga na rufe baki da hankici, ya ce, "Aboki, wetin you hide for mouth?" Wai me na ɓoye a baki. Na buɗe masa. Da sauri ya ce mu wuce.

Da azahar na sauka wurin yayana Sale, mai sayar da albasa. Na ce, "Yaya, an ce hafis ne ya kama ni."

"Wane Hafizun? Na gidan Alhaji?"

Ya kai ni kasuwar magani. Mai shago na farko ya ce ciwon baki ne, na biyu ya ce na mara ne, na uku ya kalle ni ya yi murmushin da ban so ba. Na kwana a rumfar albasa da kunu a ciki, kaina ya fi jiya ɗaurewa.

Inugu

Da hantsi na isa unguwar Coal Camp, wani makaniki ɗan garinmu ya raka ni asibitin haƙori. Likitar ta ce hafis dangin ƙwayoyin cuta ne guda, ba cuta ɗaya ba. Wanda Hadiza ta gani daban. Waɗanda ake samu a dasashi yawanci ta miyau ake ɗauka tun ana yara, kuma yawancin mutane suna ɗauke da su.

Na ce, "To su ne suka ci min dasashi?"

"Masana ba su gama tantancewa ba. Wataƙila suna taya dattin haƙori ɓarna, wataƙila tarar da ita suka yi."

Na ratsa jihohi don in samo wani "wataƙila"! Ta kankare min haƙora, na roƙe ta ta yi wa Hadiza bayani a waya. Ta yi. Hadiza ta ce "To" kawai.

Gida

Na iso da magariba. Hadiza ta amsa sallama a ciki-ciki, ta ja ni ɗaki, ta ɗaga leɓenta. Dasashinta jajir, a kumbure.

"Maigida, ni ma na daɗe ina ganin jini. Ba zarginka nake ba. Tsoro nake kada ka ce ni na kawo mana."

Na zauna a bakin gado. Ashe kowa kansa yake ta wankewa a zuci. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Yaya Sale da likitar nan. Mako mai zuwa tare za mu je asibiti.