Ranar da Inna ta wuce tashar Yelwa

Wata Laraba ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji uku. Ina tsugune bakin ruwa ina wanke tukwane, sai ga Inna ta fito da ƙanena Audu a goye, kansa yana lilo. Kwanansa biyu ke nan jikinsa kamar garwashi, da safen nan kuma ya fara jijjiga. Baba ya tafi kamun kifi da nisa. Inna ta miƙo mini ƙwarya ta ce, "Shiga jirgi, ɗiyata, ke ka kwarfe ruwa."

Daga gungunmu, wato tsibirin da aka haife ni, babu hanyar asibitin Yelwa sai ta kogi. Inna ta iya tuƙa jirgi da filafili fiye da maza da yawa, amma ranar nan hadari ya haɗo daga gabas, ruwan ya yi baƙi, tsuntsaye duk sun ɓace. Tsoro ya kama ni. Ina kwarfewa, igiyar ruwa tana mayar mini da abin da na zubar.

Da muka hango rufin kwanon garin na ɗauka mun tsira. Ashe iska ta riga mu isa tasha. Manyan jiragen kaya da ke ɗaure suna ta gwaruwa da juna, ƙarar katakonsu har inda muke, kuma ɗan kwalekwale irin namu in ya shiga tsakaninsu sai dai a tsinci ɓaraguzansa. Mutane suna ɗago mana hannu, Inna ko kallonsu ba ta yi ba. Muka wuce gari, muka wuce asibitin da muka zo dominsa.

Can gaba muka ga wata gaɓa mai yashi fari tas. Na ce, "Inna, ga wuri!" Ta dubi ciyawar da aka kiwace ƙasa-ƙasa da wata faffaɗar hanya da ta gangaro cikin ruwa, ta ce, "Ta dorina ce. Ba mu tsayawa nan." Sai da muka kai mashayar shanu, inda kofato ya dama laka, sannan ta karkata jirgin. Muka fita taɓo har gwiwa, ruwan sama yana dukanmu, muka juyo gari da gudu.

A ƙofar asibiti ta kwance zanen goyo. Wata ma'aikaciya ta taɓa wuyan Audu, sannan ta ja zanen ta rufe masa fuska.

Kowa ya ce wa Inna ta yi daidai, da ta shiga tashar nan da gawa uku za a ɗauka. Takan gyaɗa kai kawai. Har ta koma ga Allah ba ta sake riƙe filafili ba.

Yanzu jirgin inji ke ɗauko mutanen gungunmu, kafin hadari ya gama haɗuwa sun sauka, yara suna ta dariya a ciki. Nakan tsaya a tashar in dube su, kewar Inna ta cika mini zuciya. Har yau ban san a wace gaɓa ya kamata mu sauka ba.