Kalmar da Ƙarar Inji Ta Haɗiye

Kawu, ƙanin mahaifiyata, a wurin yankan katako ya ƙare ƙuruciyarsa. Tun yana saurayi yake kan babban injin zarto har furfura ta fito masa, ko da yake ba a cika gane ta ba saboda garin katakon da kullum ke kansa. Aikin ya koya masa ɗaga murya. Ko a ɗaki yake magana sai ka ɗauka da mutanen titi yake. Matarsa takan ce, "Malam, ga ni fa kusa da kai." Shi kuma ya ce, "Na gan ki, maƙwabta nake so su zama shaida."

Babban abin alfaharinsa yatsunsa. Yakan baje mana su ya ce mu duba, duk tsawon shekarun nan zarto bai ci ko farce ba.

Abokin aikinsa wani ne da ake kira Gajere, shi ke karɓar katako a ɗaya gefen injin, shi kuma Dogo yake kiran Kawu. Kwano ɗaya suke ci, benci ɗaya suke hutawa, kuma kullum cikin tsokanar juna suke.

Wata rana da hantsi guntun katako ya maƙale a ƙarƙashin zarton. Aka kashe injin, Gajere ya durƙusa ya zura hannu zai ciro. Daga inda makunnin yake ba a ganin wancan gefen, don an jibge katako a tsakani, saboda haka shugaban aiki ne ke tsayawa a tsakiya ya ba da umarni. Shugaban ya yi magana, Kawu ya danna. Hannun Gajere na dama ya tafi daga wuyan hannu.

Kawu ya ce abin da aka ce masa shi ne, "To, ka kunna." Shugaban aiki ya rantse abin da ya faɗa shi ne, "Kar ka kunna." Mai wurin ya ɗauki maganar shugaban ya sallami Kawu. Gajere ya hana a kai ƙara, amma labari ya riga ya zaga, duk inda Kawu ya je neman aiki sai a ba shi kujera da ruwa, a ce za a neme shi.

Bayan wasu makonni aka gano cewa wani kafinta yana wurin a lokacin, yana ɗaukar bidiyon katako da wayarsa don ya tura wa mai aikinsa. Ba a ganin kowa a ciki, katako ne kawai da ƙafar kafintan, amma sauti ya shiga. Kawu ya sa aka tura masa, ya zo shagona da wayar a naɗe cikin hankici.

Ni sana'ata haɗa bidiyo, na talla da na taruka. Rabin aikina cire hayaniya ne: ƙarar janareta, kukan fanka, hon ɗin motoci. Kawu ya daɗe yana min dariya, wai ina zaune a inuwa ina latse-latse ina kiran abin aiki. Ranar bai yi dariya ba.

"Ɗan nan, an ce kana wanke murya."

"Ina gwadawa, Kawu."

"To wanke min wannan. Kalma ɗaya nake nema."

Na sa a kwamfuta. Injin goge katako yana ta kururuwa a gefe, janareta na gurnani a baya. Can ƙasa ana jin muryar shugaban aiki, "ka kunna" ta fito sarai. Kalmar da ta gabace ta ce ba a ji, don daidai nan wani ya yar da katako a ƙasa.

Na yi masa bayani. Janareta mai sauƙi ne, ƙararsa iri ɗaya ce ba ta canzawa, sai in ɗebi samfurinta inda babu magana in ce wa kwamfuta ta cire duk mai kama da ita. Na cire. Na rage injin gogewar ma, duk da ya tafi da wani ɓangare na muryar, ta koma kamar ta mai magana a cikin ruwa. Faɗuwar katakon kuwa ta hau kan kalmar ne gaba ɗaya. Wayar ba ta ɗauki abin da ke ƙarƙashi ba balle in tono shi.

Na sa masa abin ji a kunne. Ya runtse ido, ya ce in maimaita, in ƙara maimaitawa. Sai ya buɗe ido.

"Ka ji? 'To' ya ce."

Ban ji ba. Na kira mai gyaran waya na shagon kusa, ban gaya masa komai ba, na ce ya saurara. Ya ce shi kamar "kar" yake ji. Matar da ke ɗinki a gaba da mu ta ce tari ne kawai.

Kawu bai haƙura ba. Ya kai wa wasu masu irin aikina, har da wani da ke aiki a gidan rediyo, kowa ya ba shi amsar da na ba shi. Ya kama gadi a wani gidan ajiye kaya, kuma duk ranar hutunsa yana shagona. Ba ya takura min, yakan zauna a kujerar baƙi har in sallami mutane, sannan ya ce, "Ba a fito da wani sabon abu ba?"

Da aka fito da manhajar da ke raba murya da hayaniya da kanta, na gwada. Karon farko ta ba mu "to" tas, kamar shugaban yana tsaye a shagon. Kawu ya miƙe yana neman takalminsa. Na ce ya dakata in sake, don in tabbatar. Na ɗan canza saiti kaɗan, ta ba mu "kar", ita ma tas. Dole na gaya masa gaskiya, manhajar ba jin kalmar take ba, cike gurbi take da abin da ta ga ya dace.

Ya koma ya zauna. "Ashe ita ma irin mutane ce," ya ce.

Na taɓa raka shi gidan Gajere, wanda yanzu ke tsaron ɗan teburin kayan masarufi a ƙofar gida, yana ƙulla leda da haƙori da hannun hagu. Ya karɓe mu da fara'a, har ya tsokani Kawu a kan tumbinsa da ya zube. Kawu ya samu wuri ya zauna. Da ya kawo zancen bidiyon, Gajere ya ce, "Dogo, ni kaina na cikin inji, ban ji komai ba. Ka bar abin nan. Ko ka samo kalmar, hannun ba zai tsiro ba." Ba da faɗa ya faɗa ba, amma Kawu bai ƙara taka gidan ba.

Shugaban aikin ya bar garin, an kuma sayar da wurin, yanzu bulo ake bugawa a ciki. Ba sauran wanda za a kai wa hujja ko da an same ta. Kunnen Kawu na hagu ya mutu, na daman ma sai an matso. Likita ya ce shekarun da ya yi a gaban inji ne.

Zuwansa na ƙarshe shagona bai ce in kunna komai ba. Ya daɗe yana kallon masu wucewa, sannan ya ce, "Da can ina jin muryar shugaban aiki a kaina, da yadda ya faɗa. Yanzu in na tuna, naka nake ji, wanda ka wanke. Wani lokaci to, wani lokaci kar." Na ce ko in sayo masa lemo. Ya ce a'a, rana ta yi, wanda zai canja a wurin gadi yana jiransa. Na tare masa mota, na gaya wa direban inda zai sauke shi, don shi ba zai ji in an tambaya ba.