Ajiyar Murya

Saura kwana ashirin a yi walimar saukata zazzaɓi ya kwantar da ni. Shekarata goma sha huɗu, muna zaune a Ƙofar Kuyambana. Manya na ta zancen mulkin kai a zaure, ni kuwa ba abin da ya dame ni sai allon zayyanata da aka kai wa mai zane. Wuya ya kumbura, kaluluwa ta fito hagu da dama, yawu ma sai na runtse ido nake haɗiye shi. Murya kuwa ta tafi, sai ɗan shaƙe-shaƙe kamar na ɗan tsako.

Baba ya ce in ban iya karatu a gaban jama'a ba, sai a ɗaga sauka zuwa bayan kaka, don da ruwa ya sauka kowa gona zai nufa. Kakata, mahaifiyarsa, ta buga sanda a ƙasa.

"Bayan kaka? Wa ya ba ka takardar cewa ina nan har bayan kaka? Da kunnena zan ji karatun maigidana, bana, ba baɗi ba."

Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika. Ta sa aka ɗauko ni da tabarmata aka kai ɗakinta. Wanzamin da aka kira ya leƙa bakina ya ce ba belu ba ne, ya naɗe zabirarsa. Wallahi ban taɓa son mutum kamar yadda na so shi a ranar ba.

Dokar Kaka ɗaya ce: ba magana. Ta ba ni ƙoƙo da ludayi, in ina son abu in ƙwanƙwasa. "Muryar nan tawa ce," in ji ta, "ajiya na ba ka. Ka ɓarnatar da ita a surutu, mu haɗu gaban alƙali."

Da safe in kurkure maƙogwaro da ruwan ɗumi da gishiri. Sai zuma da lemun tsami da citta, sai kunun tsamiya mai ruwa-ruwa, ba yaji ko kaɗan. Da hantsi ta lulluɓe ni da gwado in yi siracen ganyen lemo, in fito sharkaf ina huci. Malam kuma kullum sai ya aiko da rubutu in sha. Sauran yinin barci ne, barcin da ban san daga ina yake zuwa ba. Ni da ban iya zama wuri ɗaya ba, sai ga ni ɗaga ludayi ma aiki ne.

Na kuwa rama. In ƙwanƙwasa, ta taso da ƙyar, in nuna mata ƙuda a bango. "Ja'iri! Haka za ka riƙe ni in na tare?" Ta yi dariya har da tari, ni ina yi ba sauti, haƙarƙarina na ciwo.

Rana ta goma sha biyu zazzaɓi ya sauka, na ga ai na warke. Tana sallar la'asar na sulale zuwa gindin ganuwa inda abokaina ke langa. Tsalle ɗaya na yi. Ƙasa ta juya, gefen cikina na hagu ya soke ni, aka kawo ni gida a goye kamar jariri. Kaka ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi duka zafi. Ta taɓa ƙasan haƙarƙarina a hankali ta ce saifa ce ta kumbura, ciwon nan ba ya son gaggawa, ba gudu, ba kokawa, ba ɗaukar tulu. Sannan ta juya baya tana share ido da bakin zane. A nan na gane da gaske take da maganar bayan kaka. Daga ranar ko ƙuda ban sake nuna mata ba.

Ranar walima aka sa mini riga da rawani, aka zaunar da ni a zaure, allon zayyana a cinyata. Kwana ashirin ban ji muryata ba, ban ma san ko tana nan ba. Mata na daga ciki, amma na hango ƙasan sandar Kaka a bakin ƙofar da ta shiga gida. Malam ya biya ayar farko, kowa ya zuba mini ido.

Na buɗe baki. Abin da ya fito ni kaina sai da na waiga! Murya ce kakkaura, mai gurnani, irin ta Baba. Ashe tana kwance ne tana girma. Na bi Malam aya bayan aya ban sarƙe ba, kafin a shafa fatiha guɗa ta tashi daga ciki, guɗar tsohuwa mai karkarwa, wadda ta ƙi tsayawa har Baba ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Da na shiga gaishe ta, ta kama kunnena ta ja.

"Maci amana! Muryar yaro na ba ka ajiya, ka fito mini da ta ƙato?"

Na ce, "To a mayar?"

"Kul! Zauna nan, ka sake karanta mini daga farko."