Kujerar Ƙarshe

Baba Direba yaran makarantar suke ce masa, iyayensu ma haka, har matarsa idan tana jin tsokana. Ya daɗe yana jan farar bas ɗin nan mai ƙofar da sai an sa mata kafaɗa take rufuwa. Ya san wanda ke amai idan ya zauna a baya, ya san wadda kullum sai an yi ta danna mata hon kafin ta fito da takalmi a hannu. A da, kansa na taɓa matashi shi ke nan, sai asuba.

Wata rana ya gama sauke yara, ya ajiye motar a harabar makaranta, har ya kulle ya juya, sai ya tuna ya bar hularsa. Yana buɗewa ya ji motsi can baya. Wata 'yar mitsitsiyar yarinya ce ta duƙunƙune a ƙasan kujerar ƙarshe, ta yi matashi da jakarta, tana ta sharar barci. Yayanta bai zo ba ran nan, shi ya sa ba wanda ya tashe ta. Ya kai ta gida lafiya lau, uwar har da godiya. Amma ranar ana ƙwalla zafi, gilasai duk a rufe, washegari kuma ba makaranta. Ba don hular nan ba, da a ciki zai bar ta.

Tun daga nan kwanciya ta zame masa aiki. Yana kashe fitila kujerun za su jeru masa a ido. Ya duba kuwa? Ya leƙa ƙasa, ko sama kawai ya kalla? Daga nan sai tunanin ya zarce kan birki, kan idanunsa da suka fara yi masa hazo, kan 'yarsu da ke karatu a wani gari. Ya sha zura riga ya taka har makaranta, maigadi ya haska masa motar, ba kowa. Idan matarsa ta tambaya sai ya ce zafi ne ya hana shi barci. Ita kuwa tela ce, mai lura da abin da ya karkace, ta dai zuba masa ido.

Ranar da ya ji tsoro na gaske, da safe ne. Mota cike da yara, ya tsaya a mahaɗar titi yana jiran a ba shi hannu, sai gyangyaɗi ya sace shi. Hon ɗin motar baya ne ya farkar da shi. Allah ya sa ƙafarsa na kan birki.

Da yamma ya zauna gefen keken ɗinkinta ya zayyana mata komai. Ya zaci za ta ce ya cire abin a ransa, kamar wani ƙaya ne. Sai ta ɗage ƙafa daga keken ta dube shi.

"Baban yara, ai rashin shaida ke damunka. Kai kaɗai kake dubawa, dare na yi ka ƙaryata kanka. Daga gobe, in ka kai kujerar ƙarshe, ka kira ni."

Haka aka yi. Ya riƙa bin kujerun yana leƙa ƙasansu, ya zauna a ta ƙarshe, ya buga mata waya ya ce ba kowa. Ta ce ta ji. In shakka ta taso masa a shimfiɗa ya fara juyi, ba ta ko buɗe ido, sai ta ce ai ya kira ta ɗazu, ita ta ɗauka.

Sauran damuwar kuma ta hana a shiga da ita ɗaki. Bayan cin abincin dare sukan zauna a benci a ƙofar ɗaki, ya faɗi abin da ke cin ransa. Birki aka kai wa bakanike. Ido aka je asibiti, ya dawo da tabarau, yara suka yi ta ce masa ya zama hedimasta. Maganar 'yarsu kuwa, suka yi mata addu'a suka bar wa Allah. Daren da barcin ya ƙi duk da haka, ya daina kokawa da katifa. Yakan koma falo ya yi ta tsinke mata ragowar zare a jikin ɗinkunan mutane har ido ya yi nauyi. Ta ce ta samu ɗan aiki a ɓagas.

Ba a dare ɗaya ya warke ba, kuma har yanzu yakan samu daren da ya fi wani tsawo. Amma kumatunsa sun dawo, ya koma yi wa yara faɗa da dariya.

Da 'yar tasu ta zo hutu, da safe ta fito tana mita, wai minsharin Baba ya hana ta runtsawa, don Allah a riƙa tashinsa ya gyara kwanciya.

Uwar na zura zare a allura, ba ta ko ɗago ba.

"Ki toshe kunnenki," in ji ta. "Ba mai taɓa min shi."