Katakon Baba

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar wata Asabar ta damina, ina leƙe ta tagar ɗakin Inna da ƙunshi a ƙafafuna, Baba ya tsayar da mai kurar da ya riga ya ɗaure kaya a ƙofar gidanmu na Kwaciri, ya ce a sauke katakon aikinsa. Ranar walimar saukata ce, da la'asar za a taru, kuma bencinan da muka aro daga Islamiyya ba su isa ba. Aka jera bulo a gindin darbejiya aka ɗora katakon a kai. Baba ya zauna a kan ɗaya ya jijjiga, wai yana gwada ko zai ɗauki Liman, ya yi dariya, ya saɓa diga da shebur ya nufi Sabon Gari. Ya ce da ni kafin azahar zai dawo ya sa babbar riga.

Baba ƙaramin ɗan kwangila ne, shi da leburori 'yan ƙalilan. Haƙar tushen gini yake yi, da magudanar ruwa, da ramin shadda. Katakon nan da su yake tokare bangon rami idan ya yi zurfi, don kada ƙasa ta zabtaro wa wanda ke ciki. Yakan ce, "Ƙasa ba ta sallama kafin ta shigo." Idan babu aiki, a zaure ake jibge su, kuma nan ne duniyata. Ƙannena suna ɗora ɗaya a kan turmi su yi lilo har Inna ta biyo su da muciya, 'yan matan layinmu suna 'yar carafke a kai, ni kuwa da na gama shara da tankaɗe sai in haye can sama da littafina in lafe. Ba na iya haɗa ido da baƙo, amma na san kowane katako da tabonsa: mai tsagar baki, mai busasshen siminti, da wanda ƙusa ta taɓa yaga min zane. Da yamma Baba zai shigo yana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya ɗaga kai ya ce, "Malama, an sauko ko sai an kawo tsani?"

Aikin ranar na shimfiɗa bututu ne a wani lungu na bayan kasuwa. Wurin tsohon kududdufi ne da aka cike da bola aka yi gini a kai, ga ruwan da aka kwana ana yi. Lungun matsattse ne, masu shaguna ba su yarda a tare musu ƙofa ba, sai aka tara ƙasar da aka haƙo a bakin ramin. Baba ya sauka da kansa ya haɗa bakin bututun. Bango ɗaya ya zame. Mutanen kasuwa suka yi ta tono da hannu da kwanon sarki, amma kafin su kai gare shi rai ya yi halinsa. Waɗanda suka zo walima da la'asar, a kan katakon nan suka zauna karɓar gaisuwa. Allona mai zayyana yana jingine a ɗaki, ban karanta ko aya ɗaya ba.

Tun daga ranar tambaya guda ta zauna min a ƙirji: da ba a yi min benci ba, da Baba yana nan? Na taɓa yi wa Inna ita, ta ce, "Kwana ne ya ƙare," ta ci gaba da tsince shinkafa. Na yarda da haka, amma ban daina kauce wa zauren ba har Kawu ya sayar da katakon.

Yanzu ina jami'a. Darbejiyar an sare ta, zauren ya zama shagon cajin waya. A hanyata nakan wuce ramukan da ake haƙa, mutum a ciki har kansa ya ɓace, ƙasa jibge a baki, babu tokari ko ɗaya. Nakan tsaya in yi ta kallo, wani lokaci in daure in ce, "Malam, ba a sa katako?" Su yi min murmushi.

Bara na je Sabon Gari neman littattafan hannu, na ga Baba Sande, kafinta Bayarabe abokin Baba, ya tsufa yana zaune a ƙofar shagonsa. Shi ya fara gane ni, ya ce, "Malamar saman katako!" Na durƙusa na gaishe shi, kuma ban san lokacin da tambayar ta fito ba.

"'Yata, ba bencinki ba ne," in ji shi. "Katako ga shi nan jibge a shagona ranar, taku kaɗan daga ramin. Na ce ya ɗiba, ya ce guntun aiki ne, yanzu zai fito. Duk wanda na sani ƙasa ta danne a garin nan, guntun aiki ya shiga yi."